Bakassi: Yadda Najeriya da Kamaru Suka Raba Gardamar Iyaka

Bakassi zirin ƙasa ne mai fadama da ya kutsa cikin Mashigin Tekun Gini, a inda Najeriya da Kamaru suka haɗa iyaka. Galibin mazaunansa masunta ne, Efik da maƙwabtansu, waɗanda danginsu da kasuwarsu ke Kalaba. Ga kifi, ga kuma man fetur da ake kyautata zaton yana kwance ƙarƙashin ruwan.

Tushen rigimar na zamanin Turawa ne. Yarjejeniyar da Birtaniya da Jamus suka ƙulla a Maris na 1913 ta jefa Bakassi a ɓangaren Kamaru, wadda Jamus ke mulka a lokacin. A 1975 Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru suka sa hannu a Marwa kan iyakar teku, amma daga baya Najeriya ta ce takardar ba ta ɗaure ta ba, tunda Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da ita ba. A 1981 aka kashe sojojin Najeriya biyar a yankin, kuma zuwa farkon 1994 har an fara musayar wuta.

A shekarar ce Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya. Najeriya ta kafa hujja da cewa mutanenta ne a wurin, ita ke karɓar haraji, ita ke gudanar da makarantu. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ɗora hukunci kan takardar 1913, ta ba Kamaru Bakassi.

Yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban. Najeriya ta fi ƙarfin soja nesa ba kusa ba, jama'a kuma sun fusata. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya zaunar da Shugaba Obasanjo da Shugaba Paul Biya na Kamaru, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya riƙa bin iyakar mai tsawon kusan kilomita 2,000, yana kafa turakun siminti a tsaunuka da gonaki. Tunda hukuncin bai tsaya ga Bakassi kaɗai ba, a Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyukan Tafkin Chadi da kotu ta ba Kamaru, ciki har da Darak, inda masunta daga Arewa suka zauna suna bin ruwa yayin da tafkin ke ja da baya. Yarjejeniyar Greentree ta 12 ga Yuni 2006 ta tsara ficewar sojoji, sannan aka kammala miƙa Bakassi a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Ƙasashen biyu sun cancanci yabo, domin sun tsare jinin talakawansu. Amma masuntan da suka bar gidajensu suka koma Akpabuyo a Jihar Kuros Riba sun daɗe suna kukan rashin matsuguni da nisa daga ruwan da ke ciyar da su, kuma kukan nasu gaskiya ne. A Oktoba 2012 wa'adin neman sake duba hukuncin ya cika, gwamnatin Goodluck Jonathan kuwa ta zaɓi kada ta koma kotu.