Kafa satalayit a kwantena: abin da ya kamata mai shago da mai gidan kallo su sani

A Muciya da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, kwantenar ƙarfe ta daɗe da zama shago: wurin aski, wurin cajin waya, wani lokacin ma gidan kallon ƙwallo. Da yawa daga cikinsu akwai kwandon satalayit a saman rufinsu. Mutane kan zaci wahalar aikin ita ce kamo tasha, alhali ɓangaren da ke iya kashe mutum shi ne jan waya.

Taurarin ɗan'adam da ke watso talabijin suna nisan kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, suna juyawa daidai da juyawarta, shi ya sa ake saita kwando sau ɗaya a ɗaure shi. Daga Zariya, mai neman DStv yakan fuskantar da kwandonsa gabas maso kudu, wajen tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas, mai neman tashoshin Larabawa na Nilesat kuwa kudu maso yamma, digiri 7 yamma. Bishiya ko bene a gaban kwando na tare sigina, haka ma ruwan sama mai ƙarfi. Ɗaukewar hoto a tsakiyar Agusta ba lallai laifin mai haɗawa ba ne.

Rufin kwantena na motsi idan aka taka shi, kuma kaucewa kaɗan ta isa ta ɓatar da sigina. Ya fi kyau a kafa kwandon a kan sandar ƙarfe da aka dasa da siminti a gefe.

Wayar da ke tasowa daga kwando zuwa dikoda, wadda ake kira RG6, tana ɗauke da wuta 'yar kaɗan, bolt 13 ko 18. Ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne wayar wutar lantarki ko ta janareta da ake cusawa ta ramin da aka huda a bangon ƙarfe. Bakin ramin na da kaifi, a hankali yake cin robar wayar, ranar da ya kai ga jan ƙarfen ciki kuwa, jikin kwantenar gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Don haka a sa zoben roba a kowane rami, a bi da wayoyi ta cikin bututun roba, a raba hanyar wayar sigina da ta wuta. Kafin waya ta shiga ciki a lanƙwasa ta ƙasa kaɗan, yadda ruwan sama zai ɗiga a waje maimakon ya biyo ta. Sannan a haɗa jikin kwantenar da sandar kwandon da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, domin ba ya ƙara wa hoto kyau, mai shago kuma ba ya ganin abin da ya biya.

Akwai kuma abin da ke saman kai. A ranar 20 ga Afrilu, 2017, babbar wayar lantarki ta faɗo a kan wani gidan kallo mai rufin kwano a unguwar Nyaghasang da ke Kalaba, ana tsaka da wasan Manchester United da Anderlecht. 'Yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum 7. Ƙa'idojin lantarki na Najeriya na 2015 sun ware fili mai faɗin mita 11 a ƙarƙashin layukan 11kV da 33kV, wato mita 5.5 ta kowane gefe, inda bai halatta a yi gini ba. Duk wanda ya bi titunan Sabon Gari ya ɗaga kai, zai iya auna tazarar da kansa.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ingancin haɗin lantarki da ba wa masu haɗawa shaidar ƙwarewa. Mai shago na da 'yancin ya nemi ganin wannan shaida kafin a taɓa masa waya. Tambayar da ta rage ta ƙaramar hukuma ce, wadda ke karɓar haraji daga waɗannan shaguna: wa ya duba inda aka ajiye kwantenar kafin a yanka mata rasit?