Aska Ba Wanzami

Idan kana cikin samarin nan namu da suka fara sayen aska ta intanet, irin mai naɗewa cikin mariƙinta, akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka buɗe kwalin. Aikin da kake shirin yi, wato mutum ya wasa askarsa da kansa kuma ya yi wa kansa aski da ita, ba tsohon abu ba ne a tarihin aski. Da wuya in kakanka ya taɓa yi. Ko a nan Turai an yi ɗaruruwan shekaru yawancin maza wani suke kai wa haɓarsu. Aska ta zo maka a kwali, amma wanzamin bai biyo ta ba, don haka aikinsa ya dawo kanka. Bari mu bi tarihin mu ga mene ne aikin nan nasa.

A ƙasar Hausa aska kayan wanzami ce, wanzanci kuma gado ne. Yaro yakan fara da ɗaukar wa mahaifinsa zabira, ya bi shi gida-gida da kasuwa-kasuwa, ya ɗebo ruwa, ya jiƙa kan wanda za a yi wa aski, yana kallon yadda ake wasa aska a mawashi sannan a goga ta a fata. Yakan daɗe a haka kafin a yarda ya ɗora ƙarfe a jikin mutum. Aikinsu kuma bai tsaya ga aski ba: su ne masu ƙaho, su ne masu kaciya da tsagar fuska da cire beli, su ake kira ranar suna su aske kan jariri. Har sarauta gare su, Sarkin Aska. Da Hausawa suka bi hanyar fataucin goro zuwa Gwanja suka kafa zango-zango, sana'ar ta bi su. Shi ya sa har gobe a Gana in an ce "wanzam" kowa ya san mai kaciya ake nufi, ko da wanda bai jin Hausa ne.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne Turawa ma haka suka taso. A shekarar 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka yi doka a Landan wadda ta haɗa masu aski da masu fiɗa cikin ƙungiya ɗaya. Mai askin wancan zamani yana cire haƙori, yana tsaga jijiya a zubar da jini da sunan magani. Sandar nan mai ja da fari da kake gani a ƙofar shagon aski daga nan ta samo asali, ja jini ne, fari bandeji. Sai a 1745 masu fiɗa suka ware, a 1800 ƙungiyarsu ta zama Royal College of Surgeons. Mu da muke aikin jinya a asibitocin Ingila kullum muna cin karo da ragowar wannan tarihi. Babban likitan fiɗa a nan Mista ake ce masa, ba a ce masa Dokta, domin magabatansa a wurin maigida suka koyi aiki kamar ɗan wanzami, ba su da digirin jami'a. Yau sun mai da sunan abin alfahari.

Ita askar da ke hannunka kuwa tarihinta yana tafiya ne da tarihin ƙarfe. Wajen 1740 wani mai ƙera agogo, Benjamin Huntsman, ya koma kusa da Sheffield yana neman ƙarfen da zai yi masa kyau a aikinsa. Ya gano yadda ake narkar da ƙarfe gaba ɗaya cikin tukwanen yumɓu, ya fito sumul, babu inda ya fi wani tauri. Irin wannan ƙarfe shi ke ɗaukar kaifi mai tsanani kuma ya riƙe shi. Sheffield ta yi suna da aska, haka Solingen a Jamus da Thiers a Faransa. Kamfanonin da za ka ga sunansu a kasuwa yau, Thiers-Issard na 1884 da Dovo na 1906, daga waɗannan garuruwa biyu na ƙarshe suke. A ƙarni na 19 kuma aka yawaita rarake gefen askar, ta yi kwari tsakanin gadon bayanta da bakinta. Riƙe wannan maganar ta kwari, za mu dawo kanta in mun zo washi.

Wanda ya fara zama ya rubuta wa ɗan koyo littafi sananne shi ne Jean-Jacques Perret, maƙerin wuƙaƙe da kayan fiɗa a birnin Faris. A 1769 ya fitar da littafi a kan yadda mutum zai koyi yi wa kansa aski, ya haɗa da bayanin duwatsun washi da yadda ake shirya fatar guga. Har ya ƙirƙiro wani ɗan katako da ake sa wa askar don kada ta nutse a fata. Ka ga ke nan tun shekaru ɗari biyu da hamsin da suka wuce matsalolin ɗan koyo su ne dai naka na yau: tsoron yanka, da rashin sanin washi.

Wanda ya kashe kasuwar aska kuwa Ba'amurke ne, King Camp Gillette, ɗan tallan murafun kwalba, kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Ya yi tunanin a yi wa aski irin wannan. Ya kafa kamfani a 1901, a 1903 ya sayar da mariƙi 51 da reza 168 kacal. Shekara ɗaya bayan nan mariƙan da ya sayar sun haura 90,000. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya aka buƙaci soja ya riƙa aske fuska don takunkumin kare hayaƙi mai guba ya zauna masa daidai, a 1918 kamfanin ya ba rundunar mariƙi wajen miliyan 3.5 da reza miliyan 32. Samarin nan suka koma gida da sabon sabo. Ba a guje wa aska don reza ta fi ta kaifi ba, abin da Gillette ya sayar wa mutane shi ne hutu daga washi. Kafin 'ya'yan sojojin nan su girma, sanin dutse da fata ya fita daga gidaje. Mu ma a gida reza da kilifa sun janye wa wanzami masu aski da yawa.

To me ya sa ake komawa? Wasu sha'awa ce, wasu sun gaji da tsadar reza. Amma mu masu gashi mai murɗewa muna da dalili na jiki. Daga 1971, da Gillette ya fito da reza mai baki biyu, aka yi ta ƙari: uku a 1998, biyar a 2006. Dabararsu ita ce bakin farko ya ja gashin sama, na bayansa ya yanke, gashin ya koma ƙasa da fata. Gashin Bature miƙaƙƙe ne, yakan fito abinsa. Naka in ya tashi fitowa sai ya lanƙwasa ya soki fata daga ciki, ga ƙurajen aski a wuya da ƙeya, wani lokaci su bar baƙin tabo ko tabo mai kumburi wanda ba ya tafiya. Baki ɗaya mai kaifi, a bi yadda gashi ya kwanta, ya fi wa irin fatarmu sauƙi. Ko mai ajiye gemu ai yana gyara wuya da gefen kumatu, maganar ta shafe shi.

Yanzu ga abin da wanzami zai koya maka da yana kusa. Na farko, kada ka haɗa koyon washi da koyon aski a rana ɗaya. In askin ya yi zafi ba za ka san ko hannunka ne ko askar ba. Askar da ta fito daga masana'anta sau da yawa ba ta gama wasuwa ba, don haka saya wurin mai wasa ta kafin ya aiko, ka ji yadda kaifi na gaskiya yake, shi ne zai zame maka ma'auni. Ɗan koyo ya nemi mai faɗin biyar bisa takwas na inci, mai zagayayyen kai, domin mai tsini tana caka kunne da gefen hanci. Ka sayi wata tsohuwa mai araha ka yi koyon washi a kanta.

Guga a fata ita ce ta kullum, kafin kowane aski. Ka ja fatar ta miƙe sosai, ka kwantar da askar, gadon baya ne ke gaba, baki na biye. In ka kai ƙarshe ka juya ta a kan gadon bayanta, kada ka juya a kan bakin, in ba haka ba ka yanka fatar kuma ka dakushe askar. Kamar sau hamsin ya isa, ba dannawa, ba gaggawa. Fata ba ta cin ƙarfe, miƙar da siririn bakin take yi bayan aski ya ɗan kwantar da shi.

Dutse kuwa sai in guga ta daina amfani, askar ta fara jan gashi, watakila bayan wasu watanni. A nan baki ne ke gaba, kamar za ka fere dutsen. Ga amfanin kwarin nan: in ka kwantar da askar, gadon baya da baki suna taɓa dutse tare, ita da kanta ta tsayar maka da kusurwa. Kada ka ɗaga bayanta kamar mai wasa wuƙar kicin. Duwatsun zamani lamba gare su, mai 1000 shi ke kafa baki, mai 4000 da mai 8000 su share kaushinsa, mai 12,000 ya gama. Rabin aikin yana ga na farkon. In baki bai kafu ba tun daga gindi har kai, har ya iya aske gashin hannu a kowane ɓangare, duk gogar da za ka yi a sauran ɓata lokaci ce. Ka jiƙa dutsen, ka tabbata shimfiɗaɗɗe ne, ka riƙa jan askar a karkace don duk tsawonta ya samu, nauyinta kaɗai ya isa a ƙarshe. Masu son dutsen asali sukan nemi rawayan dutsen yankin Vielsalm na Beljiyam, wanda aka daɗe ana haƙa don wannan aiki. Kana gamawa ka tsane askar sarai, ƙarfenta na tsatsa da wuri, balle a danshin bayan gida na ƙasar sanyi.

Ranar askin farko ka yi wanka da ruwan ɗumi tukuna, gashin da ya sha ruwa ya fi yankuwa. Ka tada kumfa mai santsi. Ka aske kumatu kawai, daga saje zuwa muƙamuƙi, ka ƙarasa sauran da abin da ka saba. Bayan mako ɗaya ko biyu ka ƙara wuya, haɓa da gashin baki su zo ƙarshe. Ka ɗaga bayan askar daga fata kamar kaurinsa biyu, wajen digiri 30 ke nan. Ɗan gajeren ja, ba dannawa, kuma kada ka taɓa zame ta gefe, nan ne take yanka. Littattafan Turawa za su ce ka ja fata sosai ka koma sau uku har da saɓa wa kwanciyar gashi. Kai kam bi ɗaya ya ishe ka, ka riƙe fatar daidai yadda ba za ta tattare ba. In kana da ƙuraje yanzu, ka bar aski na wasu makonni su lafa tukun. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, to yau kai ne wanzamin kuma fuskarka ce a gabanka, sai ka tausaya mata. Ƙaramin yanka alimun na tsayar da shi. Amma in kana shan maganin tsinka jini irin warfarin, ka bar aska, injin aski ne naka.

Saura magana ɗaya, wadda wanzamin da da mai askin Landan duk ba su sani ba, kuma ita ce ta fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Askarsu ɗaya takan bi kawuna da yawa a yini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin aƙalla kwana 7 a busasshen jini tana da rai, jinin da ido ba ya ma gani. Goge aska da tsumma ko turare ba ya kashe ta. Shi ya sa yawancin shagunan aski a nan suke amfani da mariƙi mai kama da aska wanda ake sa wa sabuwar reza ga kowane mutum, shi ya sa kuma hukumomin lafiya na Saudiyya suke gargaɗin alhazai su yi askin Mina wurin masu lasisi da reza mai amfani sau ɗaya. Nijeriya ta sa rigakafin wannan ciwo cikin alluran jarirai a 2004, Birtaniya ta sa wa dukan jarirai a 2017. Lissafa shekarunka. In kai sa'ana ne, an yi maka askin suna da kaciya kafin duk wannan, kuma ciwon yakan zauna shekaru ba alama yana cin hanta. Je wurin likitanka ka nemi gwajin jini, in ba ka da shi ka tambayi rigakafi.

Askarka taka ce kai kaɗai. Ba aro tsakaninka da ƙaninka ko abokin zamanka na ɗaki, komai kunya. Ka ajiye ta inda yaro ba zai kai ba, kada ka fita da ita a aljihu don dokar ƙasar nan ba ta wasa da makami, in za ka hau jirgi kuma ka sa ta a babban akwati. Ke kuma uwargida, in kun je gida hutu aka tashi yi wa jariri askin suna, ki sa sabuwar reza cikin kayan da za ki miƙa, a buɗe ta a gabanki. Wanzamai da yawa yau da kansu suke tambaya, wanda bai tambaya ba kuma ba zai ƙi karɓa ba in an ba shi cikin girmamawa.