Daga Mazubi Zuwa Sikeli: Tarihin Masu Yin Harsashin Gasa a Gidajensu

Mu da muka tashi muka ga mafarauta da bindigar harba-ka-ruga, mun san yadda ake ɗura ta: a zuba albarushi da ƙiyasi, a tura tsumma, a bi da guntayen dalma ko na ƙarfe, a danna. In an harba, sai inda Allah ya kai shi. Shi ya sa yawancinmu ke zaton samun abin da aka saita aikin ido ne da sa'a kawai. To, tarihin masu gasar harbi na Ingila da Amurka ya nuna rabin aikin tun a kan sikeli ake gama shi. Wannan kuwa magana ce da duk mai riƙe mudu ko ma'auni a kasuwa zai gane.

Da farko su ma Turawan ba su fi mu da yawa ba. Harsashinsu dunƙulen dalma ne kamar ƙwallo. Maharbi yana da ɗan mazubi na ƙarfe mai kama da awartaki, ya narka dalma a ludayi, ya zuba, ta sandare, ya buɗe. Dalma ba ta da wuyar narkewa, zafin digiri 327 ya ishe ta, saboda haka ko murhun gida ya wadatar. Illar ita ce ƙwallon ba ya cika bututun bindiga, yana tafe yana karo da gefe, in ya fita kuma ya bi son ransa.

A 1849 wani hafsan sojan Faransa, Claude Minié, ya fito da harsashi mai tsini wanda gindinsa ke da rami. In albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya kama tsagar da aka murɗa a cikin bututun, harsashin ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara. Juyin nan shi ke riƙe shi a kan hanya. Daga nan harbin nesa ya zama wasan da ake taruwa kallo. A 1860 aka buɗe babbar gasa a Wimbledon kusa da Landan, inda Sarauniya Victoria ta yi harbin farko. An ɗaure mata bindigar Whitworth a kan mariƙi, ta ja igiya kawai, harsashi ya sami tsakiyar allo daga yadi 400. A 1874 kuma 'yan Ayalan suka haye teku suka kara da Amurkawa a filin Creedmoor kusa da Niyok, daga yadi 800 da 900 da 1,000. Amurkawa suka ci da maki 934, baƙi na da 931. Maki uku kacal! Nan kowa ya gane cewa harsashi guda da ya fi 'yan'uwansa nauyi kaɗan ya isa ya kayar da ƙasa sukutum.

To, kamfani yana yin harsashi dubu-dubu, ba ruwansa da bindigar wane ko ta wane. Mai son cin gasa sai ya ga gara ya yi nasa da hannunsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka hango kasuwa a nan shi ne John Barlow, tsohon ma'aikacin kamfanin Winchester. A 1884 ya kafa kamfanin Ideal a garin New Haven, yana sayar da wani ƙarfe mai hannu biyu da ke shiga aljihun riga. Da shi mutum zai sake ɗura kwanson da ya riga ya harba, wasu ma har da mazubi a bakinsu. Barlow ya haɗa da ɗan littafin bayani, don ya san mai saye in ya iya aiki da kaya, gobe ma zai dawo. Kamfanin Lyman ya saye Ideal a 1925, ya ci gaba da buga littafin.

Ana cikin haka sai zamani ya juya wa mazubi baya. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, mai ingiza harsashi da gudun da dalma tsirara ba ta iya jurewa, sai ta goge ta manne a bututu. Maganin abin ya riga ya fito daga Suwizalan, inda Eduard Rubin a 1882 ya sa wa dalma riga ta ƙarfe mai tauri. Amma fa harsashi mai riga ba a zuba shi, matsa shi ake yi da sanyinsa a cikin ramin ƙarfe har ya ɗauki siffa. Matsi ya fi zubi daidaito, domin narkakkiyar dalma takan ɓoye kumfar iska a ciki, harsashin ya yi nauyi a gefe ɗaya kamar kayan jaki da ba a daidaita ba. Sai dai injin matsin a lokacin na manyan masana'antu ne.

Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, masana'antun Amurka suka koma yi wa soja aiki, maharbin gida ya rasa harsashi ko na magani. A garin Oroville na Kalifoniya, wani matashi, Fred Huntington, ya shiga ɗakin baya na shagon wanki da guga na mahaifinsa, ya ƙera ramukan matsi da ke mai da yasasshen kwanson ƙaramar bindiga rigar sabon harsashi. A 1943 ke nan. Ya sa wa kayan suna RCBS, daga sunan wata dabbar duwatsu mai kama da gafiya da yake farauta. Vernon Speer ma da irin wannan kwanso ya fara, abokin aikinsa Joyce Hornady kuma ya buɗe nasa kamfanin a Nebraska a 1949. A 1958 Richard Lee ya fito da kayan ɗuri masu araha a ɗan akwati, waɗanda guduma kawai suke bukata. Ku duba fa, duk waɗannan sunaye da suka cika kasuwar duniya, daga bayan shago da garejin gida suka taso.

Bayan yaƙi sai aka shiga wata irin gasa da ake ɗora bindiga a kan tebur, a harba sau biyar, a auna tazarar da ke tsakanin hudojin. A nan ba jarumtaka ake gwadawa ba, kaya ake gwadawa. Ma'auninsu kuwa sunansa giren, asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya. Giren 7,000 ke yin laba guda, giram ɗaya kuma ya ɗara giren 15 kaɗan. Sikelin waɗannan mutane yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Suna auna kaurin rigar harsashi ta kowane gefe, suna ware masu nauyi ɗaya wuri ɗaya, wanda ya saɓa a ajiye shi gefe. Sakamakon haka, a 1973 Mac McMillan ya harba biyar daga yadi 100, tazararsu ta tsaya inci 0.009, wato kamar kaurin takarda biyu na littafin rubutu. Shekara 40 ba wanda ya karya wannan, sai a 2013 Mike Stinnett ya yi inci 0.0077.

Kada wani yaro ya karanta wannan ya ce bari ya gwada a bayan gida. A Amurka doka ta bar mutum ya yi harsashin amfanin kansa. A nan Nijeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba, kuma ɗauri ne hukuncinta. Aikin yana hannun masana'antar tsaro ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Mu da ke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin cewa laifin mutum ɗaya unguwa duka yake shafa. Dalmar kanta guba ce, ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ta kashe a Zamfara a 2010 ba.

Abin ɗauka a tarihin nan daban ne. Maƙeranmu ba su gaza Barlow ko Huntington basira ba, wanda ya ga yadda suke gyara abin da Bature ya ce ya mutu zai shaida. Inda aka bar mu shi ne awo da rubutu. Su sun auna, sun rubuta, na baya ya ɗora a kan na gaba. Mu kuwa gwani ya mutu, gwanintarsa ta bi shi kabari. Ko garma ce ko ƙofa ko tukunya, ranar da ta yau ta fito daidai da ta jiya, ranar ce mai saye zai aiko daga nesa ba sai ya gani ba. Allah ya sa mu gyara mudunmu, amin.