Kabarin Talaka da na Mai Hali: Darasi Daga Ingila ta 1842

Bahaushe kan ce mutuwa rigar kowa, kuma gaskiya ne. Sai dai tarihi ya nuna cewa wannan riga ba rana ɗaya ake saka wa kowa ita ba. Ajali na hannun Allah, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma cikin manyan sabubban akwai garin da mutum yake zaune da abin da ke cikin aljihunsa.

A shekarar 1842 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Edwin Chadwick ya fitar da rahoto a kan tsabtar muhallin 'yan ƙwadago. Ya kasa mutanen kowane yanki gida uku: manya da masu ilmi, sai 'yan kasuwa, sai leburori. Daga nan ya lissafa matsakaicin shekarun da iyalan kowane rukuni suke mutuwa a kai.

A birnin Manchester, cibiyar masaƙun auduga, manya kan mutu a shekara 38, 'yan kasuwa 20, leburori 17. A Liverpool kuwa 35 ne da 22 da 15. Amma a Rutland, yankin karkara na manoma, sai ga 52 da 41 da 38.

To, mai karatu, duba da kyau. A kowane wuri mai hali ya fi talaka daɗewa a duniya. Amma leburan Rutland ya yi kunnen doki da attajirin Manchester, kowanne 38. Ke nan abubuwa biyu ne suka haɗu: matsayin mutum, da kuma halin garin da yake ciki.

Kada a ɗauka cewa leburan Manchester da ya kai shekara 17 sai ya faɗi ya mutu. Mutuwar jarirai ce ta ja lissafin ƙasa, domin fiye da rabin 'ya'yan leburori a birnin ba sa kai shekara biyar.

Me ya jawo haka? Masana'antu sun kwaso mutane daga ƙauyuka, har jama'ar Manchester ta tashi daga kimanin 75,000 a 1801 zuwa fiye da 300,000 a 1851. Albashin lebura ba ya isar sa hayar ɗakin kirki, don haka iyalai suka cunkushe a lunguna. A Liverpool dubban mutane a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke kwana, cikin danshi da duhu. Gidaje da yawa sukan yi tarayya a masai ɗaya, ƙazantar kuma ta tsiyaya zuwa ruwan sha. Tarin fuka da zazzaɓin taifot da kwalara suka sami wurin zama. Mai kuɗi ya fi cin abinci mai kyau, ya fi samun fili, amma yana shaƙar hayaƙin garin, cutar lungu kuma ba ta san ƙofar attajiri ba.

Rahoton bai tafi a banza ba. A 1847 Liverpool ta naɗa William Duncan jami'in lafiyar birni, na farko a ƙasar. A 1848 aka kafa dokar lafiyar jama'a, sannan sannu a hankali aka shiga haƙa magudanai da jawo ruwan famfo. Mace-mace suka ragu, amma tazarar ba ta gushe ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa namijin da aka haifa a unguwar Calton ta birnin Glasgow ana sa ran ya rayu shekara 54, alhali na Lenzie, 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, shekara 82.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000, guda 187 ne suke mutuwa kafin shekara biyar a Arewa maso Yamma, a Kudu maso Yamma kuwa 62.

A nan ne aikinmu yake, 'yan'uwa marubuta. A 1848 Elizabeth Gaskell ta fitar da littafinta Mary Barton, ta shigar da masu karatu ɗakunan leburorin Manchester, abin da alƙaluma kaɗai ba za su iya ba. Mu kuwa sau da yawa in za mu kashe wani a labari, sai mu ce ya yi gajeruwar rashin lafiya, shi ke nan. Daga wace rijiya ya sha ruwa? Nawa ne kuɗin mota zuwa asibiti, kuma wa ya hana a same shi? Marubucin da ya amsa waɗannan tambayoyi ya yi wa al'ummarsa aiki. Allah Ya sa mu dace.