Daga Amanar Fatoma Zuwa Na'urar POS: Tarihin Sadarwar Ciniki a Birnin Kano

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun ƙaramar na'urar nan ta karɓar kuɗi, watau POS, wadda yau ake gani a bakin shaguna daga Yakasai har kasuwar Rimi da Kantin Kwari. A ganinmu, matsalar da ta zo warwarewa ta girme ta da shekaru ɗaruruwa.

Tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, babban abin da ya dami falke shi ne yadda dukiya za ta yi tafiya ba tare da ta salwanta ba. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sun dogara ne ga fatoma, wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa shaida idan gardama ta tashi. Amana a jikin mutum take, kuma an san gidansa da unguwarsa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da wayar tangaraho sun gaggauta labarin farashi, amma kuɗi sun ci gaba da tafiya a buhu. An ruwaito cewa da Bankin BBWA ya buɗe reshe a Kano a 1929, a kan raƙuma Alhassan Ɗantata ya kai nasa ajiyar.

Wayar tarho ba ta sauya wannan hali ƙwarai ba, domin ko bayan kafa NITEL a 1985 layi ɗaya abin alfahari ne a gidan attajiri. Sai a 2001, da aka ba da lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara aiki, sannan hanya ta buɗe. Na'urar da ke ɗauke da layin salula ba ta bukatar a ja mata waya ta cikin lungunan birni, inda ko mota ba ta shiga. An kuma ƙera ta da batir da ɗan injin buga rasit, kuma duk wanda ya san halin wutar lantarki a cikin ganuwa ya san cewa ba don batirin nan ba da tuni ta koma kwali.

Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage ciniki da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya faɗaɗa shi zuwa Kano a watan Yuli na 2013, shekarar da a cikinta ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki. Nufin hukuma shi ne mai shago ya karɓi kuɗin kaya ta kati. Kanawa kuwa sai suka juya abin. Suka kafa tebur da laima, na'urar ta zama wurin cirar tsaba, watau abin da aka kawo don ya kori takardar kuɗi shi ne ya zama mai raba ta. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint sun fi bankuna fahimtar wannan, suka sauƙaƙa wa matasa mallakar na'urar.

Batun tsaro shi ne inda ya kamata mu dakata. An sa wa kati ƙwayar ajiyar bayani da lambar sirri, aka kawo lambar BVN a 2014, aka tilasta haɗa layin waya da lambar zama ɗan ƙasa daga ƙarshen 2020. Duk waɗannan kariya ce mai kyau, amma an gina su ne a kan zaton cewa mai katin shi ke danna lambarsa da hannunsa. Allon na'urar da Turanci yake magana. Dattijuwar da ke cikin gida yaro take aikawa da kati, lambar sirrin a rubuce a takarda ko a bakinsa. Ɗan kasuwar da ya ƙware a ajami ya kan miƙa wa mai POS ya danna masa. Haka kuma saƙon shigar kuɗi na jabu ya cuci masu shaguna da dama, har suka koyi kada kaya su fita sai sun duba asusu da idonsu. Ashe fatoma bai mutu ba: mutum ya fi zuwa wurin yaron da ya san mahaifinsa, ko da na gaba ya fi shi rangwame.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira da aka sanar a Oktoban 2022. Tsaba ta ɓace, layukan sadarwa suka cushe, kuɗi su fita daga asusun mai saye su kasa isa ga mai sayarwa. Wasu masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, har mutane suka shiga tambayar malamai ko wannan ladan aiki ne ko riba. Kotun Ƙoli ta sassauta al'amarin a watan Maris, amma a watannin nan ne mai nama da mai kayan miya suka buɗe asusu. A 2024 hukuma ta umarci masu sana'ar su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, a 2025 kuma Babban Banki ya ce a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, don a san inda kowane ciniki ya auku.