Daga Illela Zuwa Ikko: Tarihin Babbar Hanyar da ta Ratsa Sakkwato

Gabatarwa

Daga cikin manyan hanyoyin mota na Gwamnatin Tarayyar Nijeriya, wadda aka laƙaba wa lamba ta farko, watau A1, ita ce wadda ta taso daga bakin teku a Ikko, ta miƙe arewa har ta ratsa birnin Sakkwato, ta tuƙe a Illela kan iyakar Jamhuriyar Nijar. Tsawonta ya haura kilomita 1,000, kuma ta keta jihohi bakwai: Legas da Ogun da Oyo da Kwara da Neja da Kebbi da Sakkwato. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin wannan hanya daga ɓangaren Sakkwato, a nuna cewa kwaltar da ake gani a yau shimfiɗa ce a kan sawun da ya girme ta nesa ba kusa ba, sa'an nan a bayyana dalilin da ya sa birnin Shehu ya dogara da ita fiye da yadda Kano ko Zariya suka dogara da kowace hanyar mota.

Inda Hanyar ta Bi

Matafiyin da ya shigo daga Birnin Ƙwanni zai fara taka ƙasar Nijeriya a Illela, garin da ya yi suna da kasuwar dabbobi. Daga nan sai Gwadabawa da Kware, kana ya haye gulbi ya shiga Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 85. In ya fita ta kudu maso yamma zai wuce Boɗinga da Shagari da Tambuwal, ya shiga Jihar Kebbi ta Aliero, ya isa Jega. A Jega ne hanyar ta rabu, reshe guda ya nufi Birnin Kebbi, uwar hanyar kuwa ta gangara kudu ta Koko zuwa Yelwa ta ƙasar Yawuri, a gaɓar Kogin Kwara. Daga Yelwa ta karkata gabas zuwa Kwantagora, ta sake juyowa kudu zuwa Mokwa, ta ƙetare kogin a Jabba. Abin da ya rage shi ne ƙasar Yarbawa: Ilori da Ogbomosho da Oyo da Badun da Shagamu, har zuwa Ikko.

Sawun Daular Usmaniyya

Jerin sunayen nan kaɗai ya isa ya tuna wa mai nazarin tarihi labarin jihadi, domin tun daga Illela har Ilori kusan babu zangon da ba shi da alaƙa da daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa. Ƙwanni na cikin garuruwan da jama'ar Shehu suka ci tun a 1804, shekarar da aka yi hijira zuwa Gudu. Muhammadu Bello ne ya gina Sakkwato a 1809, Shehu kuwa ya zauna a Sifawa, kusa da Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu, Gwadabawa kuma Muhammadu Maiturare ne ya raya ta tun yana Marafa, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915.

Akwai garuruwa biyu a kan hanyar waɗanda labari ɗaya ya ɗaure su, watau Kware da Jega. A Kware ne Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu na Hausawa, ya yi wa Sarkin Musulmi Bello tawaye, aka ci garin da yaƙi a farkon 1818, shi kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Bayan 'yan shekaru ɗansa Buhari ya yi sulhu da Gwandu, aka ba shi izinin zama a Jega, garin da ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular.

Tun wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda aka ba yamma, da ɗansa Bello, wanda aka ba gabas. Saboda haka Yawuri da Nufe da Ilori duk Gwandu suke kai gaisuwa. In aka ɗebe Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19 kuma take bin Sakkwato, to ana iya cewa hanyar daga Jega zuwa Ilori kashin bayan ƙasar Gwandu ce. Ta wannan shiyya ne manzanni da malamai da masu kai gaisuwar sarakuna suke kai da komo, suna haye Kwara a mafitai irin na Raba, tsohuwar cibiyar zuriyar Malam Dendo, wadda ba ta da nisa da Mokwa.

Fatake da Goro

Sai dai fa a wancan zamani fuskar cinikin Sakkwato ba kudu take kallo ba. Babban gwadaben fatauci ya taso ne daga Kano da Katsina, ya bi ta Sakkwato ko Jega, ya ƙetare Kwara a Yawuri ko Ilo, ya ratsa Bargu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake sayo goron Asante. Ayari kan ƙunshi ɗaruruwan mutane da jakuna, madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, ana biyan kuɗin fito a bakin kogi, ana kwana a zango. Kayan da ake kaiwa sun haɗa da kanwa da tufafi da fatu da busasshiyar albasa. Watau hanyar fatake ta gitta hanyar motar yau ne a Jega da Yawuri, ta yi yamma abinta.

Tafiyar Kyaftin Clapperton ta biyu shaida ce a kan haka. Ya tashi daga Badagiri cikin Disamba 1825 da niyyar ganin Sarkin Musulmi Bello, amma sai da ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Nufe da Zariya da Kano, bai sadu da Bello ba sai cikin Oktoba 1826. A Sakkwato ya mutu cikin Afrilu 1827. Abin da babbar mota ke ci yanzu cikin 'yan kwanaki ya ci masa wata goma.

Goron ne da kansa ya fara juya akalar ciniki. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta soma ja da baya, goro ya riƙa zuwa Ikko ta jirgin ruwa, daga bisani kuma Yarbawa suka shiga noman irinsa a ƙasarsu. Hausawa suka bi shi can, aka sami unguwannin Sabo a Shagamu da Badun. Ta Badun an kafa ta ne a 1916, kuma ita ce Abner Cohen ya yi nazarinta a littafinsa na 1969, inda ya nuna yadda cinikin goro da shanu ya riƙe al'ummar Hausawan wurin.

Zuwan Turawa da Jirgin Ƙasa

Turawan mulki ma ta kudancin wannan hanya suka soma kafa ƙafa. Jabba ce hedkwatar Lugard ta farko daga 1900 kafin a koma Zungeru a 1902. Sun ci Kwantagora a 1901, suka kori Sarkin Sudan Ibrahim, sa'an nan suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. A arewa kuwa, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana iyaka mai siffar baka, nisan mil 100 daga Sakkwato, amma aka sake shata ta a 1904 da 1906 domin Faransawa su sami hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram. Ta haka Ƙwanni, wadda rundunar Voulet da Chanoine ta ƙona a 1899, ta tabbata a hannun Faransa, Illela kuma ta zama bakin iyaka tsakanin mutanen da harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya.

Abin da ya fi tasiri a makomar Sakkwato shi ne inda Turawa suka shimfiɗa dogo. Jirgin ƙasa ya isa Badun a 1901, Ilori a 1908, Jabba a 1909, Kano kuma a 1911, aka kammala gadar Jabba a 1916. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya cak a Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan bai ƙara gaba ba. Manufar Turawa a lokacin ita ce hanyar mota ta zama mai kai wa jirgi kaya, kada ta yi gasa da shi, don haka gyaɗa da auduga da fatun jar akuyar Sakkwato duk gabas aka riƙa kai su, zuwa tashar Gusau. Hanyar kudu ta Jega da Yawuri ta zauna turbar ƙasa, wadda talakawa ke sharewa da aikin tilas a ƙarƙashin hakimai da En'e, motoci su bi ta da rani, damina ta yanke ta. Masu cin moriyarta na sosai su ne masu koro shanu a ƙasa, suna bin burtali har Jabba da Ilori.

Zamanin Kwalta

Bayan samun mulkin kai abubuwa da dama suka taru suka ɗaga darajar hanyar. An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, tafkinta ya haɗiye tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa na Yawuri, ya kuma mai da Yelwa babbar kasuwar kifi. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa Maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, wadda ta miƙe har ƙasar Nufe, watau daga Illela zuwa Mokwa duk gwamnati ɗaya ce ke iko, kuma ba ta da wata igiyar da ta ɗaure kanta da ƙafarta sai wannan hanya. A shekarar ce kuma kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ta ɗora wa Gwamnatin Tarayya alhakin irin waɗannan hanyoyi, a 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama kamar yadda ake yi a Nijar, sa'an nan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ba da damar shimfiɗa kwalta da gina gadoji. A 1978 aka buɗe tagwayen hanyar Ikko zuwa Badun.

A daidai wannan lokaci harkar jirgin ƙasa ta shiga lalacewa, kaya suka koma bayan manyan motoci. Nan ne fa Sakkwato ta juya fuskarta kudu ɗungum. Shanu da raguna daga Illela, albasar Aliero da Yawuri da ta Galmi ta Nijar, da kifi da wake, suka riƙa gangarawa Badun da Ikko, motocin kuma su komo da goro da manja da man fetur da kayan kanti. Raba jihohin da aka yi a 1976 da 1991 ya yanyanka tsohuwar jihar, amma bai taɓa wannan ciniki ba.

Abin da Hanyar ta Bar wa Harshe

Hausa tana da nata kalmomin tun asali, irin su hanya da turba da tafarki da gwadabe da burtali. Zamanin mota ya ƙaro wasu daga Ingilishi, waɗansunsu kuwa ta bakin Yarbawa suka biyo, domin su ne suka riga shiga sana'ar tuƙi da kanikanci. Misalansu su ne titi da tasha da gada da kwalta da direba da fasinja da kamasho. Waɗansu kuma Bahaushe ne ya ƙera abinsa, kamar karen mota da gidan mai da 'yan kamasho. Abin lura shi ne yadda tsarin fatauci na dā ya sauya riga kawai: tasha ta gaji zango, direba ya gaji madugu, fatoma ko maigida a Sabo yana nan yana saukar da baƙo ya tsaya masa a ciniki, shingayen kan hanya kuwa sun tuna wa matafiyi kuɗin fito.

Kammalawa

Garin da ba shi da dogo, duk abin da ya sami hanyarsa ya same shi. An rufe iyakar Illela daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, haka kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma kowane karo kasuwannin ɓangarorin biyu sun ji a jikinsu. A 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Jabba da Mokwa, a Mayu 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta hallaka mutane fiye da 150 ta yanke hanya. Ga kuma ta'adin 'yan bindiga, wanda sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yuni 2021 ya nuna cewa ya iso wannan shiyya. Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, to amma sai in akwai wata hanyar da za a zaɓa.

A Oktoba 2024 aka ƙaddamar da aikin sabuwar hanya daga Illela zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, wadda hukumomi suka ce an fara tunaninta tun zamanin Shugaba Shehu Shagari, mutumin da garinsu ke bakin tsohuwar hanyar, wanda kuma ya taɓa riƙe Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya daga 1965 zuwa 1966. Tarihin Salaga da na Raba ya nuna abin da kan sami gari idan hanya ta kauce masa. Saboda haka ya kamata masu nazari su tattara tarihin baka na tsofaffin direbobi da fatoma da dillalan Jega da Yelwa da Kwantagora tun suna raye, domin in aka kammala sabuwar hanya, zangunan da suka rayu da tsohuwar za su shiga wani hali dabam.