Cold Fact: faifan Rodriguez da ya jira shekara 38 kafin a saurare shi a gida

Cold Fact shi ne kundin waƙoƙi na farko na Sixto Rodriguez, mawaƙi kuma makaɗin gita ɗan birnin Detroit na ƙasar Amurka. Kamfanin Sussex ya fitar da shi a watan Maris na 1970, bai samu kasuwa ba. Sai a watan Agusta na 2008 kamfanin Light in the Attic na birnin Seattle ya sake fitar da shi, daga nan ne Amurkawa suka fara sanin wanda ƴan Afirka ta Kudu suka daɗe da haddace waƙoƙinsa.

An haifi Rodriguez ranar 10 ga Yuli 1942, ɗa ga ma'aikaci ɗan asalin Meziko. An ɗauki faifan a 1969 a Detroit, ƙarƙashin jagorancin Dennis Coffey da Mike Theodore, tare da Bob Babbitt, ɗaya daga cikin makaɗan kamfanin Motown. Waƙoƙi 12 ne a ciki, duka ba su kai minti 35 ba. Murya ce tsayayya da gita, an ɗan yi musu ado da goge da ƙaho, kuma maganarsu ta unguwannin talakawa ce: ƙwaya, rashin aiki, ƴan siyasa masu alkawarin banza. "Sugar Man", waƙar da ta buɗe faifan, kira ne na mashayi ga mai sayar masa da ƙwaya. An yi ta kwatanta shi da Bob Dylan, amma kwatancen bai sayar masa da faifai ba.

Ya yi faifai na biyu, Coming from Reality, a Landan, ya fito a 1971, shi ma ya kwanta. Sussex ta sallame shi, ita kanta ta rufe a 1975. Rodriguez ya koma aikin leburanci da rushe tsofaffin gidaje, ya yi digiri a fannin falsafa a jami'ar Wayne State a 1981, har ya nemi kujerar magajin garin Detroit bai samu ba.

Abin da ya sa faifan bai mutu ba, daga nesa ya zo. A Afirka ta Kudu, zamanin mulkin wariyar launin fata, Cold Fact ya shiga gidajen matasan fararen fata, ana saye ana kuma kwafa a kaset. Waƙoƙin da ke zagin masu mulki da maganar jima'i a fili sun dace da ƙasar da hukuma ke tace duk abin da kunne zai ji. A gidan rediyon gwamnati an karce "Sugar Man" a jikin faifan don kada wani ya kuskura ya sa ta. An ƙiyasta cewa an sayar da faifansa kusan rabin miliyan a ƙasar, ba tare da labarin ya kai gare shi ba. Masoyan ma ba su san ko wane ne shi ba. Jita-jitar da ta fi yaɗuwa ita ce ya kashe kansa a kan dandali. Mutum biyu, Stephen Segerman da ɗan jarida Craig Bartholomew Strydom, suka bi sawu, a 1997 ƴarsa Eva ta ga shafin intanet da aka buɗe don nemansa. A watan Maris na 1998 ya yi wasa a birnin Cape Town gaban dubban mutane.

Duk da haka, a Amurka ba a samun faifan a shago. Matt Sullivan, mai Light in the Attic, kamfanin da ya ƙware wajen tono tsofaffin faifai, ya ɗauki shekaru yana neman izini daga Clarence Avant, tsohon mai Sussex. Fitowar 2008 ta zo da gyararren sauti da ɗan littafi mai ba da tarihin mawaƙin, a 2009 kuma faifai na biyu ya biyo baya. Rodriguez, yana da shekara 66, ya shiga yawon wasa a Amurka da Turai. Yawanci ana jingina farfaɗowarsa ga fim ɗin Searching for Sugar Man na ɗan Suwidin Malik Bendjelloul, wanda ya fito a 2012 ya ci kyautar Oskar a 2013. Amma da mai kallo ya fito daga sinima bai tarar da faifan a kasuwa ba, da labarin ya tsaya a labari. Fim ɗin ya kuma tsallake wani abu: Rodriguez ya yi suna a Ostireliya, ya je can wasa a 1979 da 1981, don haka bai ɓace ƙwarai kamar yadda aka nuna ba.

Maganar kuɗi ce ta rage da ƙura. Kamfanonin Afirka ta Kudu sun ce sun aika hakkin mawaƙin zuwa Sussex, shi kuwa bai gani ba. Akwai kuma batun sunaye: a faifan 1970 an rubuta wasu waƙoƙin da sunan Jesus Rodriguez, ɗan'uwansa. A 2014 kamfanin Gomba Music na Harry Balk, wanda ya ce yana da yarjejeniya da Sixto tun shekarun 1960, ya kai ƙarar kamfanin Avant, yana zargin an canza sunan ne don a zagaye waccan yarjejeniya.

Rodriguez ya ci gaba da zama a tsohon gidansa na Detroit har bayan da kuɗi suka shigo. Ya rasu ranar 8 ga Agusta 2023 yana da shekara 81. Clarence Avant ya bi shi bayan kwana biyar.